Kankanar da Dillali Ya Ƙi

Auta, Balbela ta ci abinci! Da hannunta ta ɗauka, da bakinta ta tauna, ta haɗiye, ba wanda ya lallashe ta, ba wanda ya riƙe mata hannu.

To, yanzu sai gaisuwa. Malaminmu na ajin yamma ya sha gaya mana da sallama ake buɗe wasiƙa, amma yau sai ya yi haƙuri. Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma ruwan wankin asibiti bai gama cinye miki hannu ba. Mu nan lafiya lau. Uwarki tana gaishe ki. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta, da safe ta ƙi, da hantsi ta yarda.

Kin tuna yadda kika kawo mana 'yarki bayan zazzaɓin nan, ƙafafu kamar tsinke, wuya ya yi tsawo. Shi ya sa na sa mata Balbela, sunan kuwa ya bi ta, har maƙwabta da shi suke kiranta. Kika ce likita ya ce a nema mata sabon kayan lambu da sabon ƙwai, kika ce mu da ke tsakiyar gonaki ai wannan ba abin damuwa ba ne. Ni ma haka na zata. Ashe mu da ke tsakiyar gonaki mu ne ba mu da ko ganye. Abin da ake kasawa a kasuwarmu sai ya je birni ya sha rana ya dawo, ya yi yaushi kamar kunnen tsohuwar akuya. Uwarki ta dafa, ta soya, ta yi rarrashi, ta yi faɗa, yarinya ta rufe baki gam.

Sai na hura wa kekena iska, na ɗaura kwando a baya, na aza Balbela a gaba, muka shiga lambuna. Mai tumatir ya ce tumatirinsa an saye tun yana fure. Ga shi ina kallonsa jawur har ƙarshen gona, amma wai ko ɗaya ba nasa ba ne, na dillalin birni ne. Mai kabeji ya ce dillali ya san kowane kai da fuska, in ɗaya ya ɓace shi zai sha magana. Na je wurin mai kaji, ya ce ƙwan ma an saye tun yana cikin kaza. Na tambaye shi ko kazar ta san da wannan ciniki. Bai yi dariya ba. Ni ma a lokacin ba dariyar nake ji ba, don rana ta take, gwiwa ta soma magana, kwando kuma wayam.

A ƙarshen hanya, bayan gadar katako, akwai wata mata da kowa ke kira Uwar Lambu. Mijinta ya rasu ya bar mata fili da rijiya da injin ban-ruwa mai tarin tsufa. Ita ma ta ce ba ta sayarwa, komai na dillali ne. Har na juya keke, sai ta dubi ƙafafun Balbela, ta ce, "Tsoho, dakata. Sayarwa ce ba na yi. Amma wanda ya taya ni tsinka, abin da dillali ya ƙi nasa ne."

Washegari da sassafe muka koma. Ina durƙushe cikin kunyar kokwamba, ina ta kokawa da gwiwa, sai na ji ƙurus-ƙurus a bayana. Na ce ɓera ne. Da na waiga, Balbela ce zaune a ƙasa da wata karkatacciyar kokwamba, ta cinye rabi. Na yi kamar ban gani ba, don kin san halinta, in aka yaba sai ta fasa. Ta gama ta tsinko wata. Da muka dawo gida ta ci ƙwai dafaffe har da neman gishiri. Uwarki ta shiga ɗaki wai hayaƙi ne ya shige mata ido.

Yanzu kullum da safe muna can. Dogo, direban babbar motar da ke kwashe kayan lambun zuwa birni, shi zai riƙa kawo miki wasiƙata, ya ce ta ƙofar asibitinku yake wucewa. Ki riƙa ba shi amsa. Ya fi mini wayar nan da nake ta ihu a cikinta ba na jin komai.

Ki kwantar da hankalinki, ki yi aikinki. Yarinya ta sake sosai. Ta daina kukan nemanki, kwana biyun nan ma ko ambatonki ba ta yi.

Ni ne mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da Inna. Na gode Allah da ta soma ci. Ni lafiyata ƙalau, sai dai an ƙara mana aiki, ɗaya daga cikin injinan wanki ya lalace, zannuwan gado da hannu muke matsewa.

Baba, akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Likita sabon abu ya ce, bai ce abin da aka ƙi ba. Ina ganin kayan da 'yan kasuwa ke zubarwa a bayan layinmu, ko awaki sai sun shinshina su wuce. Yarinyar da ta tashi daga ciwo ita za a zaunar a ƙasa tana cin abin da ba a wanke ba? Ga rana, ga keke, ga gadar katako. Kai kanka da gwiwar nan me ya kai ka durƙuso a gonar mutane? In labari ya kai kunnen Yaya zai ce mun bar ka kana ƙwadago da tsufanka, kuma ni zai ɗora wa laifi.

Na ba Dogo gwangwanayen madarar ƙarin jini da aka ce tana da kyau ga masu jinya. A dama mata safe da yamma. Akwai 'yar hula a cikin ledar, a sa mata in dole sai an fita.

Na karanta inda ka ce ba ta ambatona. To, madalla.

'Yarka.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama da fatan alheri. Saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Uwarki lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa ta. Gwiwa kuwa, ki gaya wa yayanki durƙuson nan ya fi mata man da yake aiko mini.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ga ba ki gane abin da dillali ke ƙi ba. Bari in yi miki bayani dalla-dalla, don abin yana ci mini rai. Mutumin nan yana zuwa da zoben ƙarfe guda biyu a aljihu, babba da ƙarami. Tumatirin da ya zurma ta ƙaramin, wai ya yi ƙanƙanta. Wanda ya ƙi wucewa ta babban, wai ya yi girma. Kokwamba sai ya jera ta da sanda, in ta ɗan lanƙwasa ya jefa ta kwandon baya. Karas mai ƙafa biyu, kwandon baya. Barkono mai ƙusumbi, kwandon baya. Wai mutanen birni ba sa sayen abin da bai miƙe ba. Na ce masa da haka ake auna mutane, da ni da shi duk a kwandon baya muke. Ya dube ni ya ci gaba da zobensa.

To wannan shi muke kawowa gida, da raɓarsa, ko awa guda bai yi da barin uwarsa ba. Kuma ana wankewa, ga rijiya a wurin. Ranar farko ce kawai ta riga ni.

Abin da ya fi ba ni haushi, jiya na ga matar mai shagon layinmu ta sayi tumatir a kasuwa, na rantse na gane shi, mu muka tsinke shi makon jiya. Ya je birni ya ga duniya ya dawo a gajiye, ita kuma ta saya da tsada. Na je na sami mai kabeji da mai tumatir na ce su ware ko kunya ɗaya-ɗaya ta mutanen gari. Suka ce in dillali ya ji zai ɗauke motarsa ya koma wani wuri, ni zan saye musu gona guda? Na hau kekena na komo gida.

Madarar gwangwani mun gwada. Uwarki ta dama, Balbela ta shinshina ta ce warin asibiti take yi. Na sha a gabanta ina lumshe ido don ta yi sha'awa, ta ce to in shanye tunda ni ne marar lafiya. Yanzu ni nake sha. Hular kuwa tana sawa, har barci take yi da ita.

Da kin ga yadda ta zama 'yar gida a lambun nan da kin yi murna. Duk inda Uwar Lambu ta sa ƙafa tana biye. Ita ke riƙe mata bakin tiyo, ita ke korar kaji daga yabanya. An ba ta aikin leƙa 'ya'yan kankana, ta wuni tana yawo a cikinsu ita kaɗai tana hira da su. Har ta soma ce wa matar Innar Lambu, shekaranjiya ma a cinyarta ta yi barci. Da na karanta wa uwarki wannan wurin ta ce in goge. Na ce me zan goge, ƙarya na yi? Ai labari mai daɗi ne. Ta ce shekarun da na yi ina zuwa ajin yamma karatu kawai aka koya mini. Ban san me take nufi ba, kin san uwarki.

Ki bar mana ita har ta yi ƙiba. Nan ya karɓe ta.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Inna lafiya.

Na ji bayanin zobe, na ji na sanda, na ji na karas mai ƙafa biyu. Shafi biyu ka cika da tumatir. Ban ga layi ɗaya da aka ce ta tambayi yaushe zan zo ba.

Baba, wuni nake ina ninke rigunan 'ya'yan mutane a ɗakin wanki. In na ɗauko ƙarama sai na tsaya na auna ta da ido, in ce wannan za ta yi mata ko ta yi mata kaɗan, don ban ma san girmanta ba yanzu. Ban kawo ta wurinku don na gaji da ita ba. Na kawo ta ne don ba ni da mai zama da ita, babanta kuma yana can wurin aikin hanya. Yanzu ana rubuto mini ta daina kukana, ta daina ambatona, ta sami wata Inna tana barci a cinyarta, kuma wai in yi murna.

Na yi magana da maƙwabciyata mai ɗinki, ta yarda ta riƙa zama da ita in ina wurin aiki. Ƙarshen wata zan nemi hutu in zo in ɗauke ta. Ko me za ta ci a nan, a gabana za ta ci. A haɗa mata kayanta. Don Allah kada a sake kai ta gonar nan.

Ka yafe mini in na ɗaga murya. Ni na haife ta.

'Yarka.

*

Zuwa ga Baba,

Sallama. Lafiya kuwa? Wata ya ƙare, wani ya kama, ban ga amsarka ba. Hutun da na nema an hana ni, an ce sai an gyara inji. Kullum ina tsayawa a bakin ƙofa in Dogo zai wuce. Ya ce ya daina ganinka a lambu, da na matsa masa sai ya ce shi direba ne, ba ya shiga maganar mutane. Na kira wayar mai shago ba ta shiga.

In fushi kake da ni, ka yi fushin, amma ka gaya mini halin da yarinyata take ciki. In zazzaɓin ne ya dawo kada a ɓoye mini. In kai ne ka faɗi da keke, shi ma a faɗa. Ba na iya cin abinci. Jiya na ƙona zanen gado da dutsen guga, shugabar ɗakinmu ta yi ta faɗa ban ma ji me take cewa ba.

Ko layi ɗaya ne, Baba.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Kowa lafiya, ba zazzaɓi, ba faɗuwa. Na sa wannan a gaba don ki sami numfashi. Yanzu assalamu alaikum. Uwarki ta warke, tana zaune kusa da ni, ta ce wannan karon sai ta ji kowane layi kafin in naɗe takarda.

Da farko fushi na yi, ba zan ɓoye ba. Na ce mun tashi yarinya daga kwance an ce a haɗa mata kaya. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Kuma ban daina kai ta lambu ba, don ranar da na gwada barinta a gida ko ruwa ba ta sha ba. Ina cikin wannan fushin sai aka kore mu daga lambun gaba ɗaya. Ba lambu, ba Dogo, ba hanyar wasiƙa. Taki ta ƙarshe ma sai jiya ta zo hannuna.

Ga abin da ya faru. Kankana ta nuna, aka yanko, muka jera a bakin hanya, aka soma lodi. Dillali ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya ga wani tabo fari-fari a gefen da ke kwance a ƙasa. Ya ajiye. Ya ɗauki wata, tabo. Wata, tabo. Ya sa aka sauke waɗanda aka riga aka loda, ya ce ciwo ne ya shiga gonar, shi ba zai kai wa mutanen birni mai zane ba. Ya zaɓi masu santsi ya bar kusan rabi a ƙasa. Uwar Lambu ta zauna a kan kwando ta riƙe kai. Wahalar rani guda ce a zube.

Ni ma na ɗauka tsutsa ce. Na ciro tabarau na durƙusa in ga irin cin da ta yi. Auta, ba tsutsa ba ce. Rubutu ne. An karce fatar tun kankanar tana ƙarama, da ta girma tabon ya girma tare da ita, ya buɗe ya yi ɓaro-ɓaro. Na juya ta gaba, shi ne. Na juya ta gaba, shi ne dai. Wani a karkace, wani harafi ɗaya ya kwanta, amma duk kalma ɗaya ce: Umma.

Sai na tuna wata rana muna hutawa a gindin rijiya ta ce in nuna mata yadda ake rubuta Umma. Na zana mata a ƙasa da tsinke, ta kwaikwaya, na yaba, na manta. Ashe yawon da take yi cikin kankana da ƙaya take yinsa.

Bakina ya riga hankalina, na karanta da ƙarfi a gaban kowa. Uwar Lambu ta miƙe. Ba ta taɓa yarinya ba, ni ta fuskanta. Ta ce ta ji tausayinmu ta buɗe mana ƙofa, mun saka mata da wannan. Ta ce in ɗauki kekena da jikata da karatuna kada ta sake ganinmu. Na aza jikata a keke muka fito, don gaskiyarta ce.

A hanya na sauka daga keke na tambayi Balbela me ya sa ta yi haka. Ta ce, "Kaka, ai motar wurin Umma take zuwa. Kai kana ba Dogo takarda. Ni ba ni da takarda."

Na ce to me ya sa ba ta taɓa ce mini tana son aika miki saƙo ba, me ya sa ta daina ko kiran sunanki. Ta ce kakarta ta gaya mata in tana kukan Umma, Umma tana ji a can, sai ta kasa aiki a kore ta. Uwarki ta ce in rubuta cewa haka ne, ita ta faɗa, don ta samu yarinya ta yi barci, ba ta san za ta riƙe abin haka ba. Sannan Balbela ta tambaye ni abin da har yau yake damuna. Ta ce me ya sa mutumin ya sauke nata daga mota, ba ta rubuta daidai ba ne?

Tun ranar cinta ya ja baya. Tana ci, amma kaɗan, sai an yi da gaske. Ba ta koma yadda kika kawo ta ba, kada ki tsorata, sai dai ba zan yi miki ƙarya ba.

Jiya da la'asar sai ga Uwar Lambu a ƙofar gida da wasiƙarki, Dogo ya bar mata. Ta ce ba don ni ta zo ba. Ta ajiye ƙullin kokwamba a gaban Balbela, duk karkatattu, ta ce kaji sun addabi yabanya tunda mai korarsu ta tafi. Na ce mata ba ni da abin da zan mayar mata da asararta sai hannuna, zan yi mata aiki har shuka ta gaba ba tare da na ɗauki ko ganye ba. Ta ce gwiwata ba ta kai kankana ɗaya daraja ba, amma in zo.

Yanzu maganarki. Na rubuta miki ba ta ambatonki ina ganin albishir nake yi. Na ga bakinta yana motsi da abinci, ban duba abin da ya hana shi motsi da sunanki ba. Na so ta zauna, Auta, har yanzu ina so. Gidan nan kafin ta zo ni da uwarki da rediyo ne. Amma yarinyar da ta bi gona guda tana rubuta miki, wurinki take so. Uwarki ta wanke kayanta ta ninke. Duk ranar da kika samu hutu ki zo ki ɗauki 'yarki, ba wanda zai ɓata rai.

Mahaifinki.

*

Baba,

Na karanta a tsaye a bakin ƙofar asibiti, Dogo yana ta danna mini oda, na kasa matsawa. Na shiga na ajiye takardar a gaban shugabarmu na ce ta karanta, in ta ga dama ta ba ni hutu, in ba ta ga dama ba ni dai na tafi. Ta karanta, ta ce in dawo mata da kankana ɗaya.

Ina tafe ƙarshen makon nan a motar Dogo. Ka gaya wa Balbela ta rubuta daidai, saƙonta ya iso, Umma ta ce ta ci abinci kafin ta zo. Ka roƙar mini Uwar Lambu kada a taɓa kankanar nan sai na gani da idona. Ka ce mata ina gaishe ta, ina kuma jin kunyarta.

Zan tafi da ita, Baba, kamar yadda ka ce. Amma duk hutun da na samu a gidanka za mu yi shi. Ka yafe mini.

Auta.

*

Auta,

Sallama a gurguje, Dogo ya tada mota yana jirana.

Na karanta mata saƙonki. Ta sa na maimaita wurin da kika ce ta rubuta daidai, sannan ta tashi ta je ta buɗe tukunyar kakarta da kanta. Ta ce in gaya miki wasu haruffan sun karkace ne don ƙayar ta karye, ba laifinta ba ne.

Uwar Lambu ta amsa gaisuwarki. Mun kwashe kankanar mun jera a inuwar rumfa, kowace rubutunta yana kallon hanya. Tunda dillali ya ƙi su, nata ne, ta ce a bakin lambu za ta sayar wa mutanen gari. Labari ya bazu. Matar mai shago ta zo, malamin makaranta ya zo, har mai kaji ya zo yana tambaya ko za a ajiye masa biyu. Na ce masa an saye tun suna fure. Wannan karon ya yi dariya. Kowa an ce ya jira, ba a yanka ko ɗaya sai kin iso. Asarar ba za ta rufe duka ba, amma matar ta soma cewa baɗi ƙila ta ware kunya biyu da dillali ba zai sa musu zobe ba. Ƙila ta ce, ban ce ta yi alkawari ba.

Zancen tafiyarta kuwa, na ji. Uwarki ta ce in na yi kuka a tasha ba ta san ni ba. Za mu gani wa zai riga wani.

Kada ki zo ke kaɗai. Ki aika wa yayanki ya taho da matarsa da yaransa, ya zo ya ga inda ubansa ke ƙwadago. Ki nemi mijinki ko ta wayar wurin aikinsu ce, hanya ba za ta gudu ba in ya bar ta kwana biyu. Ki gaya wa goggonki, ki taho da maƙwabciyarki mai ɗinki, shugabarku ma in tana so ta zo ta zaɓi tata da hannunta. Dogo ya ce motar wayam take dawowa, akwai wurin kowa. Kankana ba ta jira, kuma da an yanka shi ke nan. Ku zo ku ga abin da jikata ta rubuta tun yana nan a jere.

Ni ne mahaifinki, kakan Balbela.